Layin Yaya Uwaisu a Jikin Bango

Bilkisu ce ta zana jadawalin da hannunta, a bayan wasu tsofaffin kalandu da ta haɗa da gam. Ta jera watannin shekarar 1996 a sama, ayyuka kuma a gefe, kowane aiki da doguwar sandarsa mai launi, daga inda zai fara zuwa inda ya kamata ya ƙare. A otal ɗin da ta yi aikin karɓar baƙi ta koyi wannan, kuma a can ta lura Turawan Bangui ba su da abin yi ran Lahadi sai zama bakin ruwa. Shi ya sa ta ƙudura kai su gangaren ruwan Boali, ta kuma zaga da su kogin Ubangi a kwale-kwale, da zarar rani ya shigo.

Mota ce kawai ba ta da ita. Yayanta Uwaisu yana da wata tsohuwar bas da ta kwana biyu a kan duwatsu a tsakar gidansu na unguwar Yakité, kaji na ƙwai a ƙarƙashin kujerunta. Da haka ya shigo harkar, ya ɗauki layi guda tak: gyaran mota, sanda mai launin ja.

Kafin mako ya zagayo ya buga kati mai sunansa da muƙamin Babban Darakta. Ya sa aka maƙala jadawalin a bangon ɗan ofishin da suka kama a Titin Koudoukou, ya samo sandar rediyo yana nuna wa abokansa 'yan canji.

"Kun ga nan? Haka ake aiki a Turai. Komai da lokacinsa."

Bilkisu takan sunkuyar da kai kan keken rubutu. Ta san ko wace sanda ce ta lasisi bai sani ba.

Duk aikin da ta kammala takan cike sandarsa da baƙin fensir. Ta samo takardar lasisi daga ma'aikatar gwamnati bayan ta gaji da zaman benci. Ta shirya da masu kwale-kwale, ta sa Inno mai abinci ta gwada dafa kifi yadda baƙi za su iya ci ba yaji ya kashe su ba. Har wata malamar makaranta Baturiya, Madam Odile, ta yi alkawarin ita da ƙawayenta ne za su fara tafiya. Jan layin nan kuwa yana nan fes, kamar ranar da aka zana shi.

"Yaya, ina maganar mota?"

"Ke dai ba ki san inji ba. Kayan gyaran sai daga Douala."

Ana haka sai sojoji suka fara bore. Na farko bai daɗe ba aka sasanta. Na watan Mayu shi ne ya girgiza gari. Aka rufe kasuwar Kilomita Biyar, harbi na tashi daga tsakiyar birni, sojojin Faransa suka kwashe Turawa zuwa filin jirgi da 'yan jakunkunansu. Gidajen da suka bari kuwa aka faɗa musu.

A cikin kwanakin ne, da hantsi, Bilkisu tana wanki ta ji wani gurnani a tsakar gida. Ta leƙo. Bas ɗin da aka ce sai Douala ta sauka daga kan duwatsu, tana tuƙa hayaƙi, Uwaisu na bayan sitiyari da rigar shan iska, gumi na zuba, yana dariya. Rabonta da ganinsa yana gumi tun suna yara.

Sawu ya yi ta yi. Shi dai ba ya shiga gidan kowa, haka ya yi ta nanatawa. Dako kawai yake wa masu shiga, su ba shi kasonsa a kaya. Firji, katifu, fankoki, har da tukunyar fure. Mahaifiyarsu Iyatu ta kulle kanta a ɗaki ta ƙi cin abin da aka dafa a gidan.

A cikin tarin kayan Bilkisu ta hango keken Madam Odile, mai kwandon kaba a gaba, wanda takan jingine a ƙofar ofis.

"Yaya, ka san na wace ce wannan?"

"Ta tafi ai. Da jirgi za ta ɗauke shi?" Ya goge wuya da tsumma. "Af, tun da kin zo. Ki ƙara mana layi a takardar nan taki, ki sa sufuri. Kamfani ya buɗe sabon reshe."

Ta dube shi tun daga silifas har hula. Shekara da shekaru tana ɗaukarsa malalaci, tana ba shi uzurin da ake ba malalaci. Ashe ƙarfi gare shi, abin da zai tashe shi ne bai samu ba sai yau.

"Ba zan rubuta ba."

"Ni ne Darakta."

"To Darakta ya rubuta da kansa."

Bai rubuta ba, don bai san ta inda ake fara jan sandar ba.

Da ƙura ta lafa ta tura keken zuwa makarantar da matar take koyarwa, ta damƙa wa mai gadi, ta dawo a ƙafa. Ofis kuma ta mayar wa mai shi makulli.

Bore na uku ya zo a watan Nuwamba, daidai inda jadawalin ya ce a fara ɗaukar baƙi. Uwaisu ya sake fita da bas, yana ganin kasuwa ta dawo. A wani shinge sojoji suka sauke shi, suka karɓe motar da agogonsa, ya iso gida yana ɗingishi. Tun daga ranar ya samu labarin ba wa mutane a ƙofar masallaci: shi ne mutumin da ya so kawo wa ƙasar nan yawon buɗe ido na zamani, rikici ya karya shi. Har masu girgiza kai yake samu.

Bilkisu ba ta ƙaryata shi a gaban kowa ba. Ta rubuta wa wata ƙawarta a Garwa, aka samo mata aiki a wani kamfanin da ke kai baƙi kallon namun daji. Iyatu ta sa mata albarka, ta ƙulla mata yaji da kuka a leda.

Uwaisu ya rako ta tasha cikin babbar riga. Ya ja ta gefe, ya rage murya.

"In kin je, ki riƙe tsari. Mutanenmu abin da ke kashe su ke nan, rashin tsari."

"Na ji, Yaya."

Ta hau ta zauna kusa da taga. Motar tana tashi ta hango shi ya riga ya juya, hannu a baya, yana koya wa wani direba yadda ake ɗaure kaya.