Murjanin Baba Apakuki

"Ɗago kai mana, Baba, romon zai zube," in ji Vasemaca, tana tallafe da ƙeyar tsohon.

Apakuki ya kurɓi kaɗan ya ture kwanon. "Kifin nan daga ina? Kar dai a kan igiyoyina kika kamo shi."

"A can na kamo. Tashi ka kai ni ƙara."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Bishiyar kwakwa ɗaya ce tsakanin gidanta da nasa. Tun da matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka tafi aiki New Zealand, ita ke kai masa rogo da kifi. Wannan bai hana su zama 'yan adawa ba.

Shekarar da teku ta yi zafi, murjanin da ke tsirowa a ƙarƙashin ruwa, inda kifi ke fakewa, ya yi fari fat ya mutu, kifi ya ja baya, tsohon ya lura akwai rassan da suka jure. Ya riƙa ɓallo su yana ɗaurawa a igiya cikin ruwa, suna tofo kamar dashen rogo. Wata jami'a daga Suva, babban birnin ƙasar, ta gani, ta kai maganar gaban wani asusun sauyin yanayi na ƙasashen waje. Aka yi ta kai-komo har gemun Apakuki ya ƙarasa fari. Daga ƙarshe mutanen asusun suka ce za su tallafa, amma sai gari ya hana kamun kifi a wurin tukuna.

Gari ya ƙi, kuma muryar Vasemaca ta fi ta kowa tashi. Wurin ne kaɗai take iya shiga da ƙafa idan ruwa ya janye. Ba ta da jirgi, ga Sireli da sauran yaranta.

"Ƙasashen wajen nan su suka dafa mana teku," ta ce tana goge masa baki, "su ne kuma za su ce kar in ci kifi? Su aiko da abincin yarana tukuna."

"Uwar Sireli, bakinki ya fi injin jirgin mai gari ƙara."

"Kai kuma taurin kanka ya hana ka zuwa asibiti."

Da safiyar Talata ta zo da shayi ta tarar ya cika. Ta rufe masa ido, ta aje kofin, ta je ta faɗa wa fasto. Sai da ta dawo ta yi kukanta.

Aka kawo tabarmi da aladu, aka dama kava, abin shansu na gargajiya, aka yi waƙoƙin coci, 'ya'yansa suna kallo ta waya. Bayan an binne shi, mai gari Ilisoni ya tara jama'a. Apakuki ne babba a zuriyar masunta, kuma idan irinsa ya rasu akan rufe wani yanki na teku, ba mai kamun komai har a fita makoki. 'Ya'yan suka ce a tambayi wadda ta yi jinyarsa, ita za ta zaɓi wurin.

"Can bayan tsibiri ma ya isa, ƙanwata," in ji Ilisoni. "Ba mai zuwa can, ba wanda zai takura."

Kowa ya san sauƙi yake mata. Ita kuwa haushin tsohon ya cika ta, da kewarsa, duk a lokaci guda.

"A rufe kan igiyoyinsa," ta ce.

"Kin san fa a nan kike..."

"Na ce maka ban sani ba ne?"

"Makoki 'yan watanni ne. Mutanen asusun nan shekaru suke so."

"To ka buga musu waya ka ce an fara. In sun ga dama su zo su gani da idonsu."

Washegari da ruwa ya janye, Vasemaca ta ɗauki kwandonta ta bi gaɓa, ta nufi duwatsun da ke can ƙarshen gari, inda sai ƙananan kaguwa. Daga kan yashi ta hango sandar da samari suka kafa a ruwa, an ɗaura mata ganyen kwakwa, alamar an rufe wurin. Ta ɗan tsaya, ta mayar da kwandon ɗaya kafaɗar, ta ci gaba da tafiya.