Gilashin da Aka Kawo daga Magarya

Malam Daudu ya fara yi wa Alhaji Muhammadu Lawal tuƙi a shekarar da aka samu 'yancin kai, lokacin da Alhajin, wanda babban ɗan kasuwar gyaɗa ne a Kazaure, ya sayo wata baƙar Fijo daga Kano. Bayan rasuwar Alhaji motar ta zauna a bayan gida har kaji suka mayar da ita akurki. Da arzikin man fetur ya shigo ƙasa, 'ya'yansa kowa ya sayi sabuwar mota, aka soma maganar a ba maƙera tsohuwar su sassare. Sai Hajja Kaka, matar marigayin, ta aika aka kira Daudu. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta ya gaishe ta.

"Daudu, na yi magana da yaran, sun bar maka motar nan," in ji ta. "Ba na son in ga ana yin murhu da ita."

"Ranki ya daɗe, in Allah ya yarda za ki sake ganinta tana tafiya."

Daudu ba bakanike ba ne, amma shekarun da ya yi a kan hanyar Kano da Daura sun koya masa cikin motar da wajenta. Aka jawo ta da igiya zuwa gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Ya sauke injin ya wanke, ya kankare tsatsa, ya kai kujerun wurin baduku aka sake musu fata. Da aka fesa mata fenti, masu wucewa a kan keke sai sun rage gudu sun waiwaya. Dattawan unguwa kuwa suka mayar da wurin majalisarsu.

Abin da ya rage shi ne gilashin ƙofar gaba, ta gefen fasinja, wanda ya ƙi hawa ya ƙi sauka. A cikin ƙofar akwai siririn kwarmi na ƙarfe hagu da dama, inda gilashin ke bi, an shimfiɗa masa wani ƙyalle mai laushi don kada ƙarfe ya taɓa gilashi. Ƙyallen ya ruɓe, yana zuba kamar gari. Daudu ya kankare shi, ya yanko robar cikin taya ya liƙa a madadinsa. Gilashin ya shiga rabi ya cije. Mutane na kallo, Daudu ya ji nauyin ya tsaya, sai ya sa tafin hannu ya danna da ƙarfi. Ji kake tas! Gilashin ya tarwatse kamar gishiri, rabi a cikin ƙofar rabi a ƙasa. Daudu ya ɗauko tsintsiya ya share wurin da kansa.

Ya je Kano ya zaga wurin masu sayar da kayan mota, kowa ya ce an daina kawo irinsa. Sai ya tuna da amininsa Zarami, mai fataucin hatsi da dabbobi a Babura, wanda kullum yana tsallaka iyaka. Zarami ya ce a ƙasar Nijar irin wannan Fijo ba ta ƙare ba, zai sa ido. Rani ya wuce, bazara ta shigo, rannan sai ga Zarami a bayan motar hatsi, rungume da wani abu naɗe cikin buzu.

"A Magarya na same shi, jikin wata da ta mutu a bayan tasha," ya ce yana miƙa masa. "Tun daga can a kan cinyata ya zo. Malam Daudu, ka bi shi a hankali, don na duba ko'ina ban ga na biyunsa ba."

Wannan magana ce ta tsaya wa Daudu a rai. Ya tura gilashin ƙarƙashin gado, kullum ya ce gobe. Matarsa Saude ta zuba masa ido har ta gaji. Wata safiya ta ce, "Malam, wai mene ne ya fasa na farkon?"

Ya yi mata bayani, ya kawo mata guntun tsohon ƙyallen da ya rage. Ta murza shi a yatsu ta shinshina.

"Wannan ai ulu ne. Roba kamawa take yi, ulu kuwa sulɓi gare shi. Shigo mini da ƙofar in gani."

Saude ba ta fita ƙofar gida da rana, don haka Daudu ya kwance ƙofar motar ɗungum, ya ɗauko ta a ka ya shigo da ita tsakar gida ya jingina da turmi. Saude ta auna kwarmin da zare, ta shiga ɗaki ta fito da farin bargon ulu da mahaifiyarta Inno ta ba ta tun tana amarya a rugarsu ta wajen Gwiwa.

"Haba Saude, bargon Inno?"

"Gefensa kawai zan yanka. Da tana da rai da kanta za ta miƙo almakashi."

Ta yanki dogayen ƙyallaye, ta ninka, ta bi su da ƙananan ɗinki don kada su zare. Na farko ya yi kauri, ta warware ta sake. Daudu ya shafa gam a cikin kwarmin, suka tura ƙyallen da bakin cokali har ya kwanta ko'ina, suka bar shi ya bushe.

Washegari da hantsi Saude ta kaɗa ruwan sabulu a ƙwarya ta shafa wa gefen gilashin. Daudu ya yi bisimilla ya ɗauka, ya karkata shi, ya zura kusurwar gaba ta tsagar saman ƙofar. Dole wani ya sa hannu ta ramin cikin ƙofar ya tari gilashin daga ƙasa, nasa hannun kuwa ya yi kauri. Saude ta cire awarwaronta ta zura nata har gwiwar hannu.

"Na taɓa shi, Malam. Sako kaɗan. Tsaya! Bayan bai shiga ba."

Ya ɗaga ya juya shi a hankali har ya miƙe. Suka ji ya faɗa kwarmin baya, sannan na gaba. Can ya ɗan cije. Daudu ya saki hannunsa gaba ɗaya.

"Kada ka danna," in ji Saude. "Ulun ne ya tattare a nan, bari in miƙar da shi."

Ta ja da farce, gilashin ya sulale da kansa ya zauna a kan ƙarfen da ke ɗaga shi. Daudu ya ɗaure notocin ya maƙala hannun juyawa. Ya juya, gilashin ya hau sumul ba ƙara, ya rufe ruf. Ya sauke, ya sake ɗagawa. Sai ya zauna a kan tabarma yana dariya, har da share ido da bakin riga.

Da ya mayar da ƙofar jikin mota, dattawan majalisa suka yi ta juya hannun ɗaya bayan ɗaya. Wani ya tambaya wane bakanike ne ya yi wannan aiki.

"Bakaniken yana cikin gida yana tuƙa tuwo," in ji Daudu, yana gyara hula.

Ran Juma'a ya kai motar ƙofar gidan marigayi. Hajja Kaka ta fito da sandarta ta zaga ta, ta dafa ta, ta yi wa mijinta addu'a, ta sa wa Daudu albarka.

Tafiya ta farko Roni suka nufa, wurin bikin sunan jikan yayar Saude. Daudu ya buɗe wa Saude ƙofar gaba, ta ce ita a baya za ta zauna, ya ce yau kam a'a. Suna tsakanin duwatsu hadari ya haɗo, ruwa ya kece. Saude ta kama hannun ta juya da kanta, gilashin ya rufe. Ta bi gefensa da yatsa tana neman ɗigo, ba ta samu ba.

A gaba kaɗan suka ga wata tsohuwar Bafulatana a gindin kuka, ta rufe ƙwaryar nononta da faifai tana rawar sanyi.

"Malam, tsaya mu ɗauke ta," in ji Saude. "Akwai wuri a baya."

Daudu ya taka birki a hankali ya gangara gefen hanya.