Sa Hannun Injiniya

Dattijo Don Hermógenes ya tura takardar ta ƙarƙashin gilashin tagar ofis, Fabiola akawu ta sake turo masa ita. Zuwansa na uku ke nan a mako guda.

Shekara arba'in da ɗaya yana haƙa ramin bututu a Puerto Almendro. Ruwan famfo ne ko magudanar ban ɗaki, da wuya ka sami gidan da bai bi ta hannunsa ba. Shi ya san ba a sara ƙasa a unguwar masunta sai teku ta janye, in ba haka ba rami ya cika da ruwan gishiri kafin a kwantar da bututu ɗaya. Amma duk wannan ba ya cikin takarda. Ƙaramar hukuma ta ce daga ƙarshen wata duk ɗan kwangilar da ba shi da lasisi ya ajiye diga, lasisin kuwa ba ya fitowa sai injiniya mai rajista ya sa hannu ya tsaya wa mutum.

"Don Hermo, komai ya cika sai layin nan na ƙasa," in ji Fabiola. "Kai da ka haifi injiniya sukutum, me ya kai ka wahalar da gwiwoyinka?"

Ya ce injiniyar tana da abin da ke gabanta. Fabiola ta dube shi ta saman tabarau ta ce ba wani aiki, taurin kai ne kawai, kuma gari ya san gadon gidansu ne. Ta ƙara da cewa ba ma sai 'yar tasa Yolima ta zo ba. A tura mata hoton takardar ta sa hannu ta waya, minti biyar an gama.

Ya fito ya zauna a kan katangar bakin teku, rana tsaka. Shekara shida rabon Yolima da garin, tun jana'izar uwarta. Ranar ta ce ya bar haƙa ya bi ta zuwa birnin Medellín, shi kuma ya ce mai digirin da bai taɓa riƙe shebur ba ba zai koya masa zaman duniya ba. Tun daga nan sai gaisuwar Kirsimeti. Kewarta yake yi, kewa mai hana cin abinci daɗi. Har yau duk Asabar sai ya share ɗakinta ya buɗe taga don kada gishiri ya ci ƙarfen gado.

Ya daɗe yana juya wayar kafin ya danna lambarta.

"Baba? Lafiya dai?"

Ya ce lafiya lau, wata 'yar takarda ce. Ya zayyana mata dokar, ya yi gyaran murya.

"Sun ce dole injiniyan ya zo da ƙafarsa ya sa hannu a gabansu. Ba sa karɓar na waya."

Ba a yin mako Yolima ba ta sa wa irin wannan takarda hannu ta waya ba, kuma ya san ta gane ƙarya yake yi.

"Haka suka ce, Baba?"

"Haka suka ce."

"To, ai doka doka ce. Zan shigo motar Asabar. Ofis kuma sai Litinin, ko? Ka tanadi kifi da shinkafar kwakwa, kada ka ce min haƙa ta hana ka."

Ya goge ido da bayan hannu, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Sannan ya miƙe ya nufi ofis da sauri kafin a tashi cin abinci, don ya roƙi Fabiola ta kama bakinta ranar Litinin.