Rantsuwar Lauwali a Ɗakin Tiyata

A duk Illela, har a ƙetara Ƙonni, babu wanda ya riga Lauwali mai albasa ganin wannan abu, domin a jikinsa aka yi shi. Wani ƙullutu ne ya fito masa a ƙirji, gefen dama. A asibitin Sakkwato suka ce ciwon dajin nono ne, kuma yana kama maza. 'Yan rumfar kasuwa suka yi ta dariya, shi ko a jikinsa. Abin da ya hana shi sakat daban ne.

Ɗansa Bashar, ɗan kabu-kabu, ƙwayar tramol ce ta cinye shi. A bakin kabarinsa Lauwali ya rantse cewa ita da duk danginta ba za su shiga jikinsa ba. Ga shi an ce irinsu ake ba wanda aka yi wa tiyata.

"In sai da ita, ku bar ni in tahi gida in mutu," ya faɗa wa Likita Mahbuba, mai sa barci.

"Baba, akwai wata hanya. Allura zan yi maka kusa da ƙashin baya, jijiyoyin ƙirjin su yi shiru. Maganin barcin ma ba danginta ba ne."

Ya yarda, ya kwanta, aka yi masa allurar, barci ya ɗauke shi.

Fitilar saman ɗakin tiyata ta narke ta zama fadama. Albasa ta yi kore har inda ido ya ƙare, raƙuma na tafiya a kan ganyenta ba su karya ko ɗaya ba. Sai ga Bashar bisa babur marar ƙara, idanunsa garau kamar lokacin da yake yaro. Ya goya uban, suka wuce kan iyaka ba wanda ya tsayar da su. Lauwali ya kwantar da kunci a bayan ɗansa, yana jin ɗumin rigar.

Da ya farka, ƙirji a naɗe, babu zafi ko kaɗan. Nan gabansa ya faɗi. Ya san daɗi irin wannan, shi ya tafi da ɗansa.

"Luba, sun cuce ni! Sun ba ni!"

Matarsa Lubabatu ta aje mafici. "Mi aka ba ka, Malam? Kai da kake ta minshari kamar injin niƙa?"

"Miƙo madubi."

Ta zaro ɗan madubin kwallinta. Shekaru ya yi yana karanta ƙwayar nan a fuskar Bashar, ba ya bukatar likita ta gaya masa. Ya duba idanunsa: ba lumshewa, ba wannan kallon na wanda ya yi nisa. Ya mintsini cinyarsa, ya yi ƙara. Ya taɓa gefen ƙirji, shiru kamar jikin wani. Kansa nasa ne. Rantsuwa tana nan.

Ya mayar da madubin, hawaye na gangarowa cikin gemu, ya ce a kawo masa fura, kuma a dama da kauri.

Ɗan zafin da ya biyo baya, farasitamol ya ishe shi. Wanda duk ke ganin ƙarya ce, ya zo rumfar Lauwali ranar kasuwa. Zai ɗaga masa riga, ya sa yatsa a kan ɗinkin, sannan mai musun ya maimaita maganar a gabansa in ya isa.