Ɓera a Jakar Kyamara

Ana gobe zan tafi tsibirin tsuntsaye, cikin dare na ji wani ƙurus-ƙurus a ɗakina, kamar ana kankare katako da farce. Na ce ƙila tsohuwar kyamarata ce ke ɗokin tafiya, na koma barci.

Da safe ni da maƙwabciyata Dulcie muka isa bakin jirgin ruwa. Doka ce kowa ya zazzage jakarsa, ya goge ƙasan takalmi, domin ɓera ɗaya in ya sauka tsibirin, ƙwai da 'yan tsaki sun shiga uku. Na zazzage jakar abinci. Ta kyamara kuwa tana rataye a wuyana cikin rigar ruwa. Mun daɗe tare har na daina lissafa ta a kaya.

"Koro, kayan ke nan?" in ji Hinewai, ma'aikaciyar tsibirin, wadda a yarensu Koro kaka ke nan.

"Su ke nan, jikata."

Da muka sauka na ajiye jakar cikin ciyawa, na kwanta rub da ciki ina jiran tsuntsun da ake kira takahe. Ya fito, shuɗi, da jan baki, yana taku kamar tsohon alƙali. Na yi ta ɗauka har fim ya ƙare. Na zura hannu aljihun jakar neman wani, sai yatsana ya ɓulla ta wata huda. An tattauna tsumman goge gilashi an yi sheƙa, ga kashin ɓera sabo. Mai sheƙar ne babu.

"Kai tsohon nan, lafiya?" in ji Dulcie. "Ka yi tsuru-tsuru kamar an kama ka da kwalba a coci."

Na nuna mata.

"Tun a gida ya fice," ta ce. Amma ciyawa take kallo.

Na je na gaya wa Hinewai. Da ta yi mini faɗa da na ji sauƙi. Cewa kawai ta yi in nuna mata wurin, ta kafa sanda, ta kira a kawo tarkuna da karen da ke shinshino ɓeraye. Aka tattara baƙi duka aka mayar jirgi, wasu ko kyamara ba su buɗe ba.

A hanya na zauna can baya, jakar a cinyata, tsibirin yana ta ƙanƙancewa. Hinewai na gefena. Dulcie ta zuba mini shayi, na kasa sha. Can ta dube ni, ta dubi Hinewai.

"To, in ɓeran nan mace ce fa, mai ciki?"