Isyaku Ya Dawo Ba Tsaraba

Wata shida Isyaku ya yi ba a ji ɗuriyarsa ba, sai ga shi ya sauka Gyaɗi-Gyaɗi ya rame, ya yi baƙi ƙirin, hannunsa na dukan cinya. Kafin la'asar unguwa ta yanke hukunci: gidan yari ya je.

Shi kuwa bawan Allah kuku ne. Wasu masu binciken tsuntsaye ne suka ɗauke shi girki zuwa wani tsibiri a tsakiyar teku. Amma je ka faɗa wa Hajiya Asabe, uwar Hajara budurwarsa, wadda ta rantse 'yarta ba za ta auri tsohon fursuna ba. Isyaku na son Hajara kamar ransa, don haka ranar Asabar ya nufi gidansu a Tarauni.

"To, Isyaku, ya ka baro mutanen can?" in ji Hajiya.

"Ai in ban da masu binciken babu mutane, Hajiya. Tsuntsaye ne zalla."

"Wa ke limanci?"

"Ni kaɗai ke sallata."

"Kasuwa fa?"

"Babu. Tsibirin duka bai fi daga nan zuwa Unguwa Uku ba. Ba rijiya, ba inuwa, sai farin yashi da dutsen murjani."

"Murjani! Ka taka murjani wata shida, ko tsakiya ɗaya ta wuya ba ka riƙo wa yarinya ba?"

Ya ce doka ta hana ɗaukar ko gashin tsuntsu. Ya nuna hotuna a waya, ɗari huɗu, duk tsuntsaye, babu shi ko a ɗaya. Hajiya ta taɓe baki. Ita a saninta waje ɗaya ne a duniya ake zuwa a dawo ba tsaraba.

Duk wannan Alhaji Shehu, uban yarinyar, yana gefe yana sauraro. Shekara talatin yana kiwon tattabaru yana sayar da kashinsu ga masu lambu, shekara talatin Hajiya na yi masa gorin wari.

Isyaku ya cire hula zai share gumi, Alhaji ya ce, "Tsaya! Matso da kan nan." Ya yi ta duba tabban da ke tsakiyar kan kamar mai zaɓen kankana.

"Wannan ba kulkin gandiroba ba ne. Saran tsuntsuwa mai kwanci ne."

"Wallahi kuwa, Baba. Ƙwai ne ko'ina a ƙasa, ka gitta su sauko maka a ka. Kashinsu kuwa ya taru ya zama tudu. An ce da can Turawa har jiragen ruwa suke turowa su kwasa, ƙasashe na rigima a kai."

Alhaji ya gyara zama. "Rigima a kan me?"

"Kashin tsuntsu, Baba."

"Ɗaga murya, Hajiya ba ta ji ba."

Isyaku ya maimaita da ƙarfi. Alhaji ya lumshe ido, daɗi ya cika shi har kunne.

"Ka turo magabatanka ranar Juma'a," ya ce.

Daga bayan labule aka ji Hajara ta ƙyalƙyale da dariya, har da shessheƙar kuka. Hajiya ta miƙe a fusace, ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Ka mai da hularka," ta ce. "Surukina ba ya yawo da kai kamar an tona gyaɗa."