Turken Jakin Baba

Aibina guda ne: duk abin da rediyo ta faɗa, gaskata shi nike. Da anka ce an rufe iyaka don manomin gida shi ɗaga, ni na fi kowa murna a ƙauyenmu da ke gaba da Burkusuma. Har na yi wa Illo mai fataucin Nijar dariya, na ce, "Ku masu kwaso kayan waje, taku ta ƙare."

Da kaka na ɗoro damman gerona bisa amalanke za ni gida, sai wani mai kaki ya fito daga gindin aduwa ya tare ni.

"Baba, daga ina?"

"Daga gonata, ranka shi daɗe. Ga ta can."

Ya bi yatsana da kallo har bisa guntun simintin da ke bakin gonar, wanda nike jingina da shi in sha fura.

"Wancan dutsen iyaka ne, gonarka na arewa da shi, cikin Nijar take. Wanga gero kayan waje ne, ba shi shiga."

Na saki baki. Cimar gidana ta shekara ke nan!

"Ranka shi daɗe, da wanga hannu na shuka shi!"

"Hannun ɗan gida ne, Baba. Geron ne baƙo."

Na mai da damman gona na jibge, ga shanun makiyaya na kewaya. Illo ya gitta bisa mashin yana kiran, "Sannu da fatauci, Alhajin Nijar!"

A gida na iske Inna, mahaifiyata, tana ɓarar gujiya. Na kwashe labari na faɗa mata.

"Wane dutse? Mai lamba a jiki? Ai turken jakin babanka ne. Shi ya tumɓuko shi ya kai gona, shekarar da jakin ya riƙa tuge turken icce."

Na zabura ina laluben hula. Ashe dutsen ba wurinshi yake ba! Gerona ya kuɓuta.

"Inna, ina ya ciro shi? In kai mai kakin shi gani da idonshi."

Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Can bayan danga, wajen hanyar Sabon Birni. Ramin na nan, ciki nike zuba toka."

Ramin yana kudu da ɗakin da anka haife ni.